Daga Yumɓu Zuwa Baje Koli: Yadda Ake Shiga Ɗakin Ginin Tukwane na Haɗin Gwiwa a Sakkwato

Tun da na sa hotunan kofuna da kaskon turaren da muka fitar daga tanderu bayan ƙaramar Sallah, saƙonni ba su daina shigo mini ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: yaya ake shiga irin wannan ɗakin aiki na haɗin gwiwa, nawa ake kashewa, kuma ta wace hanya kayan mutum ke kaiwa zauren baje koli a Abuja ko Legas? Yawancin masu tambayar ɗalibai ne da suka taɓa yumɓu a makaranta, suka gama ba su da wurin aiki, sai kuma mata da suka gaji ginin tulu da randa a gida suna sha'awar gwada na tangaran. Maimakon in yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga shi na jera shi daki-daki.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan. Yumɓu yana nan a fadama, tebur kuma kafinta zai buga maka a wuni guda. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya shi ne tanderun da zai kai zafin digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas har ya wuce. Dominsa ake haɗuwa, a kansa ake saɓani, shi ne kuma zai nuna ko kayanka sun isa a baje su a gaban jama'a.

1. San irin kayan da za ka yi

Gashin gargajiya, wanda ake yi a matoya da itace da kara da kashin shanu, zafinsa yana tsayawa ne tsakanin digiri 600 da 800. Tukunyar tana fitowa da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta ciki, dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwa ke nan. In irin wannan kake so, ba ka da buƙatar biyan kuɗin memba a ko'ina, zama wurin magina ya ishe ka.

Jan yumɓu mai ruwan sheƙi, wanda 'yan makaranta ke kira gilez, yana son digiri 1,000 zuwa 1,100. Tangaran mai ƙarfi, irin wanda in ka ƙwanƙwasa shi yake ƙara kamar ƙarfe, sai an kai 1,200 zuwa 1,300, kuma sai an haɗa yumɓun da farar laka irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina.

Hattara: jan yumɓun fadama yawanci ba ya jure zafin tangaran. Kumbura yake yi, ya narke, ya manne da kantar tanderu. Kanta ɗaya ta fi tukunyarka tsada nesa ba kusa ba, kuma kai za a ce ka biya.

2. Nemo wurin, ka je ranar gashi

Ka fara tambaya a sashen zane-zane na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, don malamai da tsofaffin ɗalibai sun san wanda ke da tanderu da wanda ke neman abokan haɗi. Ka tambayi masu sayar da tukwane a kasuwa daga ina suke saro kaya. Ka leƙa unguwar Rumbukawa, inda sana'ar ta daɗe. Wanda yake son ya koyi keken juyi, wato faifan da ake gina tukunya a kansa yana juyawa, sosai kafin ya shiga ƙungiya, akwai wuraren gini a Ushafa da Bwari a yankin Abuja, da Maraba a Kaduna, da sashen tangaran na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kada girman kai ya hana ka zama ɗan koyo. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta riga ta shahara da ginin hannu kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a garin da yanzu ake kira Suleja a 1954, a can ta koyi keke tare da wasu.

In ka samu wuri, kada ka je ranar da aka share aka gyara domin baƙi. Ka roƙa a bar ka ka zo ranar da ake loda tanderu, sannan ka dawo ranar buɗewa. A nan za ka ga wa ke jera kaya, kayan wa ake turawa lungu mai sanyi, nawa suka fito lafiya, nawa suka tsage. Ka tambaya a nuna maka littafin gashi, wato inda ake rubuta lokacin kunnawa, zafin kowace awa, da gas ɗin da aka ƙona. Wurin da ba shi da wannan littafi, da sa'a suke aiki.

Ka duba ruwa: akwai rijiya ko burtsatse, ko kuwa sai 'yan garuwa? Ka duba ko tanderun na gas ne, na itace ko na lantarki. Na lantarki ya fi sauƙin sarrafawa, amma yana son wuta ba yankewa awa takwas zuwa goma sha biyu, kuma ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa. A garin nan na gas ya fi kwanciyar hankali.

In ba ka samu wurin da ya yi maka ba, ku haɗu mutum shida zuwa goma ku kafa naku. Ƙasa da shida haya za ta yi muku nauyi, sama da goma kuma layin tanderu zai yi tsawon da zai kawo gunaguni. Ku nemi gida mai fili a bayan gari, ku gaida mai unguwa, ku gaya wa maƙwabta tun kafin su ga hayaƙi ko su ji gurnanin wuta da tsakar dare.

3. Lissafin kuɗi

Farashi na sauyawa kullum, don haka alƙaluman nan misali ne kawai na yadda ake lissafin. Ka sa na ranar da kake ciki.

Kuɗi kashi uku ne, kuma kada a yarda a cakuɗa su. Na farko kuɗin shiga, ana biyansa sau ɗaya, shi ne hannun jarinka a tanderu da keke da kantoci. Da yawa da adashi suke tara shi. Na biyu kuɗin wata, na haya da ruwa da mai gadi. A ce hayar shekara naira 600,000 ce, ku goma ne: 50,000 ke nan a wata, kowa 5,000, sai a ɗora na ruwa da gadi.

Na uku kuɗin gashi, wanda shi ne ke raba abokai. A ce gashi ɗaya yana cin silinda biyu masu kilo 12.5, kilo 25 ke nan. A ce kilo yana naira 1,200, an kashe 30,000. Ku ɗora kashi 20 cikin 100 domin asusun gyara, ya zama 36,000. In tanderun kanta huɗu ne, kowace kanta 9,000, rabin kanta 4,500. Da faɗin wuri da tsayi ake biya, ba da yawan tukwane ba. Mai doguwar buta ɗaya da ta hana a ɗora wata kanta a sama ya ci wurin kofuna ashirin, dole kuɗinsa ya nuna haka.

Hattara: kuskuren da kusan kowace sabuwar ƙungiya ke yi shi ne raba kuɗin gas cif-cif ba tare da asusun gyara ba. Ranar da kanta ta tsage ko kan murhu ya toshe, sai a koma bin mutane ɗaya-ɗaya, aiki ya tsaya wata biyu.

Kada kuɗin ƙungiya ya zauna a asusun mutum ɗaya, ko da limamin unguwarku ne. Ku yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ko ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai a ma'aikatar jiha mai kula da su, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Takardar rajistar za ta yi muku amfani daga baya, lokacin neman rumfa a baje koli.

4. Takardar ƙa'idoji

Mu nan muna jin nauyin rubuta yarjejeniya da wanda muka sani, sai mu ce ai 'yan'uwa ne. Ku rubuta. Shafi biyu sun isa, kowa ya sa hannu, a manna kwafi a bango.

Abin da dole ya shiga: wa ke da ikon kunna tanderu, kuma mutum biyu ne kawai ko uku, waɗanda suka koya. Yadda ake shiga layi, da sau nawa ake gashi a wata. Kwana nawa kaya za su zauna a kantar bushewa kafin a kwashe su. Wa ke biya in tukunyar wani ta fashe ta ɓata na wasu. Me zai faru da wanda ya yi wata uku bai biya ba. Yadda mai fita zai karɓi hannun jarinsa, da wa'adin biyansa.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi garinmu. In da mata da maza a ƙungiyar, a ware ranaku ko lokuta, a rubuta su, a samar da wurin salla da makewayi. Wannan shi ke sa maigida ya bar matarsa ta zo da zuciya ɗaya. A tsayar da magana kan siffar abu mai rai tun farko: wasu ɗaliban zane sun saba da ginin mutum-mutumi a makaranta, wasu mambobin kuma ba za su yarda a gasa shi tare da kayansu ba. Gara a yi gardamar a kan tabarma da a yi ta a bakin tanderu. Mu mun tsaya a kan kayan amfani da ado irin su dagi da rubutun ajami, kuma ban ga ya rage mana kasuwa ba.

Kowa ya yi hatimi. Ɗan guntun yumɓu ne da aka sassaƙa alama a kai aka gasa, ana danna shi a gindin tukunya tun tana ɗanya. Tun ran gini tun ran zane. Bayan gashi kofuna talatin kama suke yi da juna, kuma na taɓa ganin mutum biyu masu mutunci sun daina gaisawa saboda kwano ɗaya mara alama.

Shara: kada a share busasshen yumɓu da tsintsiya. Ƙurarsa tana da sinadarin silika mai taruwa a huhu, ba ya kuma fita. A yayyafa ruwa a goge da tsumma.

5. Gwada yumɓu kafin ka gina komai

A nan na fi son ka daɗe, don a nan na sha kashi.

Shekarar da muka fara, mun samo yumɓu mai laushi, mai daɗin juyi. Na yi kofuna goma sha biyu, suka fito daga wuta gwanin sha'awa, har na karɓi kuɗin shida. Bayan kamar mako biyu sai matar da ta saya ta aiko mini hoto: jikin kofin ya ɓantare wuri uku, kowane rami da ɗan farin ɗigo a tsakiya kamar garin alli. Na duba waɗanda suka rage a kanta, duk haka suke. Na ɗauki ɗaya na kai wa wata tsohuwar maginiya. Ta juya shi, ta sa farce ta kankare farin, ta ce, "Kai yaro, ina kunka ɗebo wagga ƙasa?" Na ce, "Inna, ta wajen yamma da gari." Ta yi dariya ta ce, "Kuma ba ku tace ta ba. Ai farin dutse na ciki, sai ya sha iska shi ka tashi."

Gaskiyarta. Yankin nan yana da farin dutsen da ake yin siminti da shi, shi ya sa ma masana'antar siminti take Kalambaina. In ƙwayarsa ta shiga wuta sai ta koma ɗanyar farar ƙasa, daga baya ta ja laimar iska ta kumbura ta ture jikin tukunya. Ɓarɓashin filasta ma haka yake yi, don haka kada a kankare allon filasta da ake cuɗa yumɓu a kai da ƙarfe.

Ga yadda za ka yi. Ka shanya yumɓun ya bushe ƙarau, ka daka, ka jiƙa shi a baho kwana biyu, ka dama ya zama kamar kunu, ka tace da rariya mai laushi. Tsakuwar da ta rage a rariya, ka matsa mata lemun tsami. In ta yi kumfa, farin dutse ne, sai ka sake tacewa da rariyar da ta fi laushi ko ka sauya wurin ɗiba. Ka zuba tataccen a kan buhu ya tsane, ka cuɗa shi sosai har iska ta fita. In ya cika danƙo yana tsagewa wajen bushewa, ka ƙara masa garin tsingaro, wato fasasshiyar tukunya da aka daka aka tankaɗe.

Sai gwajin raguwa. Ka yi 'yan sanduna uku masu faɗi, ka ja layi mai tsawon santimita 10 daidai a kan kowace. Ka auna bayan bushewa, ka sake aunawa bayan gashi. In ya koma 8.8, yumɓunka na raguwa da kashi 12 cikin 100. Yawanci tsakanin 10 da 15 ake samu. Wanda bai san wannan lamba ba, murfinsa ba zai taɓa zama daidai bakin tukunya ba. Ka ɗora sandunan a kan tsingaro in za su shiga wuta, ko da za su narke. Bayan sun fito ka ajiye su mako uku a inda ke da laima, ka ga ko farin dutse zai tashi.

6. Bushewa da gashin farko

Iskar hunturu maƙiyiyar maginin tukwane ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu bakin kofi zai bushe cikin awa ɗaya gindi na nan jiƙe, sai ya tsage ko mariƙi ya ɓalle. Da bazara ma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, haka abin yake. Ka rufe kaya da leda kwana biyu na farko, ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, ka kife su da zarar baki ya yi ƙarfi. Da damina kuwa akasin haka ne: sama ya bushe, ciki da ruwa. Ka kanga gindin tukunya a kumatunka. In ka ji sanyi, ba ta shirya ba.

Hattara: ɗanyar tukunya ba tsagewa kawai take yi a tanderu ba, fashewa take yi kamar an harba bindiga, domin ruwan ciki ya zama tururi a digiri 100. Wani abokin aikinmu ya taɓa cusa kasko mai kauri a ɓoye don kada layi ya wuce shi. Ba a yi awa biyu da kunnawa ba muka ji tas! Kanta guda ta kayan mutum uku ta tafi. Tun daga ranar mai loda tanderu yana da ikon ya mayar da kowace tukunya ba tare da an yi masa musu ba.

A fara da ƙaramar wuta, ƙofa a ɗan buɗe, awa biyu ko uku ƙasa da digiri 100. A hau a hankali har a wuce 600, domin a wajen 573 yashin da ke cikin yumɓu yana buɗewa farat ɗaya. Daga nan ana iya ƙara wuta zuwa 950 ko 1,000. A kashe, a toshe ko'ina, a bar shi ya huce aƙalla tsawon lokacin da ya ɗauka yana ci. Zumuɗin buɗewa da wuri ya fasa tukwane fiye da kowace wuta.

Kafin a kunna, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo a ga ko zai yi kumfa. In silinda ta yi raɓa tana daskarewa, a tsayar da ita a bahon ruwa, kada a kusanto mata da wuta. Tanderun gas a rumfa mai iska yake zama, ba a ɗaki a rufe ba. Kada a bar shi ba kowa, ko lokacin salla a yi karɓa-karɓa.

7. Ruwan sheƙi

Duk ruwan sheƙin da ba ka san abin da ke cikinsa ba, kada ka sa shi a kofi ko kwanon abinci. Wasu masu narkewa a ƙaramin zafi da dalma ake haɗa su. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara ba ma buƙatar a yi mana bayanin gubar dalma, mun ga yadda ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Ka nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma, ko ku haɗa naku. A zafin tangaran tokar itace da aka tace tana yin sheƙi mai kyau in an haɗa ta da laka da garin dutsen felsfa.

Ka gwada kowane haɗi a kan 'yan fale-fale masu lamba kafin ya taɓa kayan gaske. Ka goge gindin kowace tukunya tas da jiƙaƙƙen soso, ka bar kamar rabin santimita daga ƙasa ba sheƙi. A gashi na biyu, wato na bayan an sa ruwan sheƙi, kada tukunya ta taɓa 'yar'uwarta.

8. Haɗa jerin kaya da hotuna

Masu zauren baje koli ba tukunya ɗaya mai kyau suke nema ba. Suna son su ga goma sha biyu zuwa ashirin da ke nuna hannu ɗaya ne ya yi su, da tunani ɗaya. Ka zaɓi abu guda ka tsaya a kai: shantali da butocin alwala, ko kaskon turare, ko tulunan da aka yi wa zanen da ke jikin fatun Sakkwato. Abin da ka tashi kana gani a gidanku shi ne wanda mai gini a Legas ba zai iya kwaikwaya ba. A nan littafin gashi ke biyan wahalarsa, don da shi za ka maimaita launin da ya fito da kyau.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ƙirga baya daga ranar buɗewa: mako huɗu na gini, biyu na bushewa, biyu na gashi biyu tare da jiran layi, ɗaya na hoto da ɗauri, sannan mako uku na ko-ta-kwana. Wata uku ke nan. Ka sa sunanka a layin tanderu tun ranar da ka samu gurbi, kuma in ashirin ake so ka gina talatin.

Hoto da waya ya isa. Farin kwali ko toka-toka a baya, a inuwa da hantsi, ba filasha. Kowace tukunya hoto uku: gaba, sama, da kusa. Ka rubuta sunanta, shekara, irin yumɓu, zafin gashi, tsayi da faɗi da santimita. Ka shirya taƙaitaccen bayani a kanka da aikinka, kada ya wuce rabin shafi, da Hausa da Turanci. Ka faɗi inda ka ɗebo yumɓu da wanda ya koya maka, ka bar manyan kalmomi.

9. Neman gurbi da tsayar da farashi

Ku fara a gida. Baje kolin ƙungiya na kwana biyu, a farfajiyarku ko wani zaure da kuka ara, shi ne zai ba ku hotuna da tarihin da za ku nuna a waje. Gab da azumi da lokacin bukukuwan aure sun fi ciniki, don iyayen amare na neman kayan ɗaki. Ku kai takardar gayyata Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da manyan makarantun gari, ku sa a Facebook da WhatsApp.

Daga nan sai waje. Hukumar raya al'adu ta ƙasa, NCAC, tana shirya bikin fasaha da al'adu na ƙasa, NAFEST, da kuma baje kolin sana'o'in hannu na INAC da ake yi a Abuja, kuma ta hannun ma'aikatar al'adu ta jiha aka fi samun shiga ayarin NAFEST. Akwai Ƙungiyar Masu Zane ta Najeriya, SNA, wadda ke shirya nune-nunen mambobinta. Matasa su sa ido kan gasar zane ta LIMCAF a Inugu, da aka fara a 2007. Akwai zauruka masu zaman kansu irin su Nike Art Gallery da Thought Pyramid a Abuja da Legas. Babban baje kolin ART X Lagos kuwa, da aka fara a 2016, yawanci ta hannun zauren da ke wakiltar mai zane ake shiga, don haka ba nan ne matakin farko ba.

In za ka tuntuɓi zaure, ka aika saƙo gajere da hotuna takwas zuwa goma da bayaninka. Kada ka yi sallama da kwali a ka ba tare da an ba ka rana ba. In shiru ya yi yawa, ka tuna musu sau ɗaya bayan mako uku.

Zaure na ɗaukar la'ada, yawanci kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Ga inda ake faɗawa rami. A ce kana son naira 12,000 ta shigo hannunka, la'ada kuma kashi 40 ce. Da yawa sai su ɗora kashi 40 a kan 12,000 su ce 16,800. Zaure zai cire 6,720, a bar ka da 10,080. Daidai shi ne ka raba 12,000 da 0.6, wato kashi 60 cikin 100 da ke rage maka, farashi ya zama 20,000. A cikin 12,000 ɗin nan kuma ka tabbata ka sa gas, kuɗin wata, mota, da waɗanda suka fashe.

Hattara: kada ka sayar a gida da rabin farashin zaure alhali kayanka na can a baje. In suka ji, ba za su sake kiranka ba. Kuma kada ka bar ko kofi ɗaya ba takarda mai ɗauke da jerin kaya, farashi, la'ada, wanda zai biya in abu ya fashe a hannunsu, ranar biyan kuɗi, da ranar kwashe abin da bai shiga ba. Wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya zai sa ka a baje koli a Ingila, ba ka san ofishinsa ba, ka rufe wayarka.

10. Ɗauri, tafiya, da ranar buɗewa

Daga Sakkwato zuwa Abuja, ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna, tafiyar wuni ce, tukunya kuma za ta ji kowane rami. Ka cusa takarda a cikinta, ka naɗe mariƙi da baki daban, murfi daban. Ka sa a ƙaramin kwali, ka sa ƙaramin a cikin babba, ka cike tsakaninsu da guntayen soson katifa ko ƙaiƙayin shinkafa a leda, kaurin yatsu uku ta kowane ɓangare. Faranti a tsaye ake jera su, ba a kwance ba. Ka girgiza kwalin, in ka ji motsi ka sake ɗauri. In da hali ka biya wa kwalin kujera ya zauna kusa da kai, don a but za a ɗora masa buhun albasa. In aikawa za ka yi, ka ɗauki hoton kowace tukunya kafin rufewa, ka karɓi lambar direba da ta mota.

A zaure, akwatin katako da aka shafa wa farin fenti ya isa abin ɗorawa, a sa buhun yashi a cikinsa don kada yaro ya ture. Kada a cunkusa kaya kamar rumfar kasuwa. Ka tsaya kusa da kayanka, ka bar mutane su taɓa, ka amsa tambaya ko da ka ga mai yin ta ba saye zai yi ba. Abin da aka saya a manna masa jan ɗigo, ya zauna har ranar rufewa. In kai ke karɓar kuɗi, ka buɗe asusunka ka ga shigarsu da idonka, kada ka dogara da alat ɗin da aka nuna maka a wayar mai saye.

Ka ajiye littafi a kan tebur domin suna da lambar duk wanda ya nuna sha'awa. Ranar kwashewa ka ƙirga kaya da takardar nan a hannu, a gaban ma'aikacin zaure, ku sa hannu tare. In ka dawo gida, ka ba ma'aji kason ƙungiya in ƙa'idarku ta tanadi haka, sannan ka buɗe littafin gashi ka rubuta a gefen kowane gashi waɗanne ne suka shiga, a nawa, da waɗanda suka dawo.